Feɗe Littafin Miya: Sharhi a Kan "Love Soup" da 'Yan'uwansa

Gabatarwa

Da wuya a rasa wanda zai riƙe baki in ya ga an kawo zancen miya a cikin mujallar da aka saba feɗe waƙoƙin Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, ko nazarin littattafan Abubakar Imam. Wani ma zai ce ai wannan aikin 'yan sashen koyon tattalin gida ne, me ya haɗa ɗalibin adabi da tukunya? Amsata ita ce, duk littafin da wani ya zauna ya zaɓi kalmomi, ya jera su bisa tsari, da nufin ya sa mai karatu ya ji wani abu a ransa ko ya tashi ya aikata wani abu, to wannan littafi ya shiga hannun mai sharhi. Littafin girki kuwa yana yin duka biyun. Hasali ma ya fi sauran littattafai saurin tonuwar asiri, domin mai ƙaga labari yana iya shirga ƙarya a yi shekaru ba a gane ba, amma wanda ya yi ƙarya a kan gishiri, kafin magariba za a kama shi.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani reshe na littattafan girki wanda ya keɓanta ga miyar da ba a sa mata nama, watau ta ganye da wake da hatsi da saiwa zalla. Kusan dukkansu alkawari biyu suke yi wa mai karatu. Na farko, za su koya masa miyar da in ya sha ba zai yi kewar nama ba. Na biyu, wannan miya za ta kawo masa natsuwa da zumunci, tun da abu ce da ake dafawa a gida a sha tare da jama'a. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in auna alkawuran nan biyu, in ga wanne aka cika, wanne aka yi wa ƙwauro. Zan ɗauki littafi ɗaya ya zama madubi, watau "Love Soup" na Anna Thomas wanda ya fito a 2009, wanda za mu iya fassara sunansa da Miyar Ƙauna, in riƙa waiwayar 'yan'uwansa inda bukata ta kama.

Kafin mu yi nisa, tilas mu warware wata 'yar matsala ta fassara. Abin da Bature ke kira "soup" mukan fassara shi da miya, amma ba su zo daidai ba. Miyar Bahaushe abokiyar tafiya ce, ba a kawo ta ita kaɗai sai da tuwo. Ta Bature kuwa ita ce abincin, a kwano ake zuba ta a sha da cokali, in an so a haɗa da burodi. Ta wajen ruwa-ruwa ta fi kusa da romo, ta wajen ƙosarwa kuma ta fi kusa da fate. Zan ci gaba da kiranta miya don rashin kalmar da ta fi, sai dai mai karatu ya riƙe wannan bambanci, zai yi mana amfani a gaba.

Asalin Waɗannan Littattafai

Mai karatu yana iya tambaya, me zai sa mutane su bukaci littafi ya gaya musu miyar gida ta fi daɗi? Dalilin yana cikin tarihinsu. A 1897 wani masanin sinadarai mai suna John Dorrance, ma'aikacin kamfanin Campbell a Amurka, ya fito da dabarar rage wa miya ruwa a ɗura ta a gwangwani, sai dai wanda ya saya ya ƙara ruwa ya ɗumama. Abin ya yi arha, ya yi sauƙi, har aka wayi gari gidaje da yawa sun tashi 'ya'ya da jikoki waɗanda miyar gwangwani suka fi sani. Abin da uwa ba ta yi a gaban 'yarta ba kuwa, 'yar ba ta da inda za ta gan shi sai a takarda.

Sa'an nan a 1971 Frances Moore Lappé ta fitar da "Diet for a Small Planet", inda ta kawo hujjar cewa hatsin da ake ɗura wa shanu ya ninka abincin da ake samu daga namansu, alhali ga mutane suna kwana da yunwa. Matasa da yawa, musamman ɗaliban jami'a, suka bar cin nama. To, amma barin nama abu ne mai sauƙi a kan iya dafa abin da zai maye gurbinsa. A wannan giɓi ne Anna Thomas ta shigo. An haife ta a Jamus a 1948, iyayenta mutanen Folan ne, ta kuma tashi a Amurka. Tana ɗalibar koyon shirya fim a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ta fitar da littafinta na farko, "The Vegetarian Epicure", a 1972. Ita ce kuma suka rubuta fim ɗin "El Norte" na 1983 tare da Gregory Nava, wanda rubutunsa ya shiga takarar kyautar Oscar. Na kawo wannan ne don a san cewa mace ce da ta san kan labari, kuma hakan ya fito fili a littafin miyarta.

A wannan zamani har wa yau, wasu matasa suka buɗe gidan abinci na haɗin gwiwa mai suna Moosewood a garin Ithaca na jihar New York a 1973. Ɗaya daga cikinsu, Mollie Katzen, ta tattara girke-girkensu ta rubuta da hannunta, ta yi zane-zanen da kanta. Sun fara buga shi da kansu a 1974, wani kamfani ya sake fitar da shi a 1977, ya shiga gidaje ba iyaka. Za mu komo kan mutanen Moosewood a gaba.

Zubi da Tsari

"Love Soup" yana ɗauke da girki 160, kuma a 2010 ya ci ɗaya daga cikin kyaututtukan James Beard, waɗanda su ne manyan kyaututtukan littattafan girki a Amurka. Marubuciyar ta buɗe shi da labari. Ta bar babban gidanta a garin Ojai na Kalifoniya ta koma wani ɗan ɗaki tana jiran a gama mata gini, zaman da ta zaci na ɗan lokaci ne ya zarce ya kai shekaru. Ɗakin girkin da ta tarar faɗinsa inci 81 ne, watau ƙafa 7 ba kaɗan. Da ta ga ba wurin jera tukwane, sai ta tsaya ga tukunya ɗaya ta miya, kuma abokanta ba su daina zuwa cin abinci ba.

A ganina wannan buɗewa ita ce ginshiƙin littafin, kuma dabara ce ta wadda ta san aikinta. Da ta fara da wa'azi a kan illar nama, da rabin masu karatu sun rufe littafin. Sai ta fara da ƙunci, abin da kowa ya sani, ta nuna cewa ƙuncin wuri bai hana karɓar baƙi ba. Duk girkin da ya biyo baya ya zama kamar hujja ce a kan wannan magana.

Daga nan ta fara da yadda ake yin romon ganye, wanda shi ne tushen sauran, ta bi yanayin shekara tun daga kaka da hunturu har zuwa lokacin zafi, ta ware babi guda ga koren miya, ta rufe da abubuwan da ake haɗawa da miya kamar burodi da kayan zaƙi. Wannan tsari na bin yanayi ya dace, domin shi ne tsarin kasuwa. Mai girki ba ta fara da tambayar me nake marmari, sai ta ga abin da ke kan faifan mai kayan miya. Wani Kirista mazaunin gidan ibada a jihar New York, Victor-Antoine d'Avila-Latourrette, ya bi irin wannan hanya a "Twelve Months of Monastery Soups" na 1996, shi har wata-wata ya raba nasa. Duk wanda ya san cewa ɗanyar kuɓewa da damina take yawa, busasshiya kuma ita ke riƙe gida da rani, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Salo

Kowane girki a littafin yana da 'yar gabatarwa a kansa, layi biyar ko goma, inda marubuciyar ke faɗin yadda aka yi ta fara wannan miya, ko wanda ta dafa wa, ko abin da za a iya musanyawa in ba a sami wani ganye ba. Bayan haka sai jerin kayan haɗi da awonsu, sa'an nan bayanin aiki daki-daki. Muryarta ta abokiyar hira ce da ke tsaye kusa da murhu. Abin da ya fi burge ni shi ne ta haɗa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba. Tana ba da awo sosai, cokali kaza, kofi kaza, minti kaza, amma a ƙarshe sai ta mai da hukunci ga harshen mai dafawa, ta ce a ɗanɗana, a ƙara gishiri ko lemon tsami in ya yi kaɗan. Awon yana riƙe hannun ɗan koyo har ya tsaya da ƙafarsa, ɗanɗanon kuma yana hana shi zama bawan takarda.

Naƙasun salon shi ne yawan yabo, kuma wannan ciwo ne na dukkan dangin littattafan. Kowace miya mai sanyaya rai ce, kowace mai warkar da gajiya ce. Kafin mutum ya kai tsakiyar littafi kalmomin sun daina yi masa nauyi, don in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da an bar wasu miyoyin a matsayinsu na abincin ranar da aka gaji kuma ba kuɗi, da yabon da aka yi wa sauran ya fi shiga. Haka kuma ya kamata in faɗakar da mai karatu Musulmi cewa irin waɗannan littattafai sukan ce a ɗiga giya a wasu girke-girke. Barinta ba ya rushe miyar, ɗan tsami yana iya tsaya mata.

Alkawari na Farko: Daɗi Ba Nama

Nama yana yi wa miya aiki iri-iri. Yana ba ta maiƙo, yana ba ta jiki, yana kuma ba ta wani ɗanɗano mai nauyi wanda ya bambanta da gishiri da zaƙi da tsami da ɗaci. A 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin gulutamet ne ke kawo wannan ɗanɗano, kuma daga wani ganyen teku ya tace shi, abin da ya nuna cewa tsiro ma yana da shi. Aikin mai littafin miyar ganye ke nan, ya nemo waɗannan abubuwa ba tare da ya je wurin mahauci ba.

Mu ɗauki koren miyar Anna Thomas, wadda ita ce ta fi suna a littafin. Ana yanka albasa a soya ta da man zaitun a kan wuta kaɗan-kaɗan, wajen rabin sa'a ko fiye, har ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa, zaƙinta ya fito. A gefe guda ana dafa ganye iri biyu ko uku masu dangantaka da alayyafo, tare da ɗan dankali ko shinkafa don kauri. Sai a haɗa su da romon ganye, a markaɗa, a ɗiga lemon tsami da ɗan barkono, a yaryaɗa mai a kai in za a sha. Duk wanda ya gwada zai ga cewa sirrin yana ga haƙurin da aka yi wa albasar nan. In aka gaggauta ta, ruwan ganye kawai za a sha. A nan marubuciyar ta cika alkawarinta, kuma ta cika shi da gaskiya, tun da ba ta ɓoye wa mai karatu cewa abin yana cin lokaci ba.

Amma ina karanta wannan babi ina ganin tukunyar gidajenmu. Kowace dabara da ta kawo, akwai takwararta a miyar taushe. Inda ta sa dankali don kauri, an sa kabewa. Inda ta yaryaɗa man zaitun, an sa dakakkiyar gyaɗa. Inda ta matsa lemon tsami, an sa yakuwa. Wajen ɗanɗanon nan mai nauyi kuwa, namu ya fi nata ƙarfi, domin muna da daddawa. Ana tafasa kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, sa'o'i masu yawa har ɓawonta ya saki, a surfa a wanke, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A cikin kwanakin nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narka sinadarin gina jiki da ke cikin kalwar, su saki gulutamet ɗin nan da Ikeda ya gano. Matan da ke wannan sana'a sun san aikin tun kafin a san sunan sinadarin. Kuma a nan ne bambancin da na ambata a farko ya shigo. Tun da miyarmu rakiyar tuwo take yi, ludayi biyu ne za su ɗauki nauyin malmala guda, saboda haka tilas ɗanɗanonta ya ninka na wadda za a sha cikin kwano ita kaɗai. Littattafan Turawa sukan aro irin wannan kayan ɗanɗano na waken suya daga Japan da Sin, amma ba kasafai ake jin sunan daddawa a cikinsu ba.

Alkawari na Biyu: Zumunci

Nan ne zancen ya fi nauyi. Da farko ya kamata mu tambaya, me ya sa miya ce ta zama abincin rabawa a ko'ina cikin duniya? Dalili ɗaya shi ne tana karɓar ƙari. In baƙi uku suka faɗo, ba yadda za a yi a ƙara wa soyayyar kaza cinya, amma tukunyar miya ana iya ƙara mata ruwa da ɗan gishiri ta ishi kowa. Wannan hikima tana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abu Zarri da cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya kuma tuna da maƙwabtansa. Dalili na biyu ya shafi miyar ganye musamman. Nama shi ke kawo ƙidaya a cikin kwano. Da zarar an sa shi, an san wanda za a tsame wa tsoka da wanda zai tashi da ƙashi, har Bahaushe ya yi karin magana da tsoka ɗaya a miya. Miyar da ba nama kuwa, ludayin farko da na ƙarshe duk ɗaya ne.

Anna Thomas ta fahimci wannan, kuma ta ci gaba da binsa har a littafinta na 2016, "Vegan Vegetarian Omnivore", wanda jigonsa shi ne yadda mai cin nama da wanda ba ya ci za su zauna a kan abinci ɗaya. Ban ga dalilin shakkar cewa ƙaunar da take faɗi ta gaskiya ce ba. Sai dai in mutum ya duba da kyau, rabawar da ke cikin waɗannan littattafai gayyata ce. Mai gida ita ke zaɓen waɗanda za su zo, yawanci abokai ne masu hali irin nata, waɗanda in ba su sha miyarta ba akwai abinci a gidajensu. Natsuwar da ake nufi ita ce ta wanda ya dawo aiki a gajiye, ko wanda sanyi ya dama, ko wanda kaɗaici ya ishe shi. Waɗannan bukatu ne na gaske, ban raina su ba. Amma akwai wani mai bukatar miya wanda littattafan suka yi shiru a kansa, shi ne wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba.

Mu kwatanta da abin da muka gada. A ciyayya, magidantan unguwa sukan fito da kwanukansu bayan magariba a zauna a zaure ko a ƙofar gida, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ba wanda ya zaɓi maƙwabcinsa, Allah ne ya haɗa su. Wanda ranar nan gidansa ba a girka ba yana zaune a cikinsu, ya sa hannu kamar kowa, a tashi ba wanda ya ɗaga zancen. Haka kwanon da ake aikawa gidan mai jego, da na majinyaci, da na gidan makoki, da na baƙon da ya sauka a unguwa, da wanda ake ajiye wa almajiri. Wannan rabawa haƙƙi ce da ke wuyan mai tukunya ko tana cikin nishaɗi ko ba ta ciki, kuma babban amfaninta rufin asiri ne.

Kada a ce Turawa ba su san irin wannan ba. Sun san ta sarai, tana cikin tarihinsu. Wajen ƙarshen ƙarni na 18, Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya tsara wata miya ta sha'ir da busasshen wake irin nasu da dankali don ciyar da matalauta a birnin Munich. A 1847, lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan, shahararren kuku Alexis Soyer ya buɗe gidan rabon miya a Dublin. Watau miyar da ba nama, kafin ta zama abin marmarin masu hali, abincin wanda ba shi da zaɓi ce. Littattafan zamani sukan yabi miyar manoman Italiya da Faransa, su kwaikwaye ta da man zaitun mai tsada da injin markaɗe da firji, amma su tsallake dalilin da ya sa manoman ba su sa nama ba. Wanda ya bar nama don ra'ayi da wanda nama ya bari, ba abu ɗaya suke ji ba in an ajiye musu kwano. Harshenmu ma shaida ne, don mu ne muke cewa tuwon girma miyarsa nama, mu ne kuma muke kiran miyar da ba ta ji kayan haɗi ba lami.

Ba laifi ba ne marubuciya ta rubuta wa mutanenta da kayan kasuwarsu. Amma wadda ta sa ƙauna a sunan littafinta ta ɗaga wa kanta ma'auni, kuma da wannan ma'auni na auna ta. A nan alkawarin rabinsa aka cika.

Abin da Ya Shafe Mu

Yanzu mu komo kan mutanen Moosewood. A 1990 sun fitar da "Sundays at Moosewood Restaurant", inda suka zagaya girke-girken ƙasashe, kuma a ciki akwai wata miyar gyaɗa da suka jingina wa Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa da dankalin Hausa da karas da ruwan tumatir, a sha da cokali. Miya ce mai daɗi, kuma sun kyauta da suka faɗi inda suka aro ta. Amma Afirka ta Yamma ba gida ɗaya ba ce. Miyar gyaɗar Kano dabam, mafe na Mali da Senegal dabam, ta mutanen Gana da ake ci da sakwara dabam. Ga wanda ya karanta littafin a Amurka, duk sun narke sun zama abu ɗaya mara dangi. Ban ga laifinsu sosai ba, domin wanda bai rubuta nasa ba, yadda wani ya rubuta masa haka duniya za ta karanta.

Mu ma kuma mun kama hanyar da ta kai su ga neman miya a takarda. Julius Maggi ya fara ne a ƙasar Suwizalan da garin wake na yin miyar gaggawa don ma'aikatan masana'antu a shekarun 1880, dunƙulensa kuma ya fito a 1908. Yau sunansa ya zama kalmar Hausa, kowane dunƙule magi ne. Ban ce a jefar da shi ba, yana rage wa mata wahala. Amma akwai gidaje a birane da yarinya za ta tashi har a kai ta ɗaki ba ta taɓa ganin an daka daddawa ba. Ciyayya ma tana ja da baya a unguwannin da kowa ya ja katanga ya sa ƙyaure. Littattafan girki na Hausa da suka zo hannuna kuwa, yawancinsu kek da soyayyar shinkafa da sambusa suke ba shafukan gaba, in an zo kan kuka da karkashi sai a yi layi uku a wuce, wai ai kowa ya iya. Masu koyar da girki a waya sun fi su ƙoƙari, amma hoton da ke yawo a waya yau, gobe wani ya danne shi.

Wannan aiki namu ne, mu ɗaliban harshe, maza da mata. In an yi hutu, kowa ya zauna kusa da kakarsa ko innarsa da takarda da alƙalami. In ta ce a sa kanwa daidai misali, a roƙe ta ta nuna, a auna a rubuta, don wannan shi ne darasin da ya kamata mu koya daga Anna Thomas. A rubuta kalmomin aikin yadda suke fita daga bakinta, yadda ake kaɗa kuka da maburgi, da abin da ke sa miya ta tsinke, da abin da ke kashe yauƙi. A rubuta bambancin karin harshe, inda wasu ke cewa kuɓewa wasu na cewa guro, inda wasu ke cewa yakuwa wasu na cewa sure. Sa'an nan a ƙara babin da littattafan Turawa suka bari, watau wa ake kai wa kwano, a wane lokaci, wa ake aika, wane tukwici ake ba ɗan aike, me ake cewa in an karɓa. Mutum ɗaya ba zai iya ba, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Kammalawa

A taƙaice, hukuncina a kan "Love Soup" shi ne littafi ne mai kyan tsari da gaskiyar awo, wanda ya cika alkawarinsa na koyar da miya mai daɗi ba tare da nama ba, ko da yake yabo ya yi masa yawa. Wajen zumunci kuwa ya tsaya a kan abokan da aka gayyata, bai leƙa gidan maƙwabcin da ba a gayyata ba. Ina shawartar duk wanda ya same shi ya karanta, ko don ya ga yadda ake ɗaukar abin da ake ganin ƙarami ne a rubuta shi da mutunci. In kuwa wani daga cikin 'yan ƙungiya yana ganin na tsananta wa marubuciyar, ko na fifita namu fiye da kima, shafukan mujallar nan a buɗe suke, sai ya kawo nasa ra'ayin a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.